Gas Ɗin 'Yar Alhaji Isiyaku

Alhaji Isiyaku ya yi ritaya daga wata ma'aikata a Kaduna, inda ya shekara da shekaru yana ɗauke fayil daga hannun dama yana ajiyewa a hannun hagu. Da ya dawo gidansa na Tudun Wada da zama, sai ya tarar babu mai miƙewa in ya shigo wuri, babu mai rugawa ya karɓi jakarsa. Wannan ya fi ciwon gwiwarsa damunsa. Saboda haka da aka fara maganar zaɓen shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa, ya ba tela shadda, ya kuma fara fitowa majalisar da ake yi a ƙofar shagon Zulkiflu mai sayar da gas kullum bayan la'asar.

Abokin takararsa shi ne Malam Salmanu, ɗan kwangila. Malam Salmanu ya taɓa gyara kwalbatin bakin masallaci, kuma tun daga ranar duk wanda ya taka kwalbatin nan sai an tuna masa wanda ya gyara. Shi kuwa Alhaji Isiyaku ba shi da kwalbati. Abin da yake da shi 'ya ce, Hanifa, tana can Afirka ta Kudu tana wani karatu da ya ƙi ƙarewa, har mata sun gaji da tambayar uwarta yaushe za a sha biki.

Ran nan ana zaune a majalisa, ana kukan tsadar gas, Zulkiflu yana rantsuwa ba laifinsa ba ne, sai wayar Alhaji ta yi ƙara. Da ya ga lambar ƙasar waje ce, ya buɗe sifika ya ɗaga wayar sama yadda kowa zai ji.

"Baba, an gama!" in ji Hanifa cikin murna. "Sun amince da aikina. Na zama dokta."

"Masha Allah! A kan me ma kika ce kin yi binciken?"

"A kan yadda gas ke kwarara ya taru a tsakiyar..."

Nan layin ya yanke. Alhaji ya dubi wayar, ya dubi jama'a, ya ga yadda Zulkiflu ya saki baki. A ransa ya ji wani abu ya faɗa daidai gurbinsa.

"To, kun dai ji da kunnenku," ya ce, yana mayar da wayar aljihu a hankali. "Gas. Dokta ce a kan gas."

Kafin sallar magariba labari ya kai unguwar Agoro. Kafin sati ya zagayo ya tsallaka unguwar Kongo, kuma a hanya ya yi ƙiba. Wasu suka ce Turawa sun ba ta shugabancin kamfani ta ƙi, don kishin ƙasa. Wasu suka ce da bututu za ta dawo, gida gida za a ja, mace ta murɗa famfo wuta ta kama. Alhaji bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Shi dai in an tambaye shi sai ya yi murmushi ya ce, "Ku bari ta iso tukuna." Zulkiflu ya daina bari tukunyar gidan Alhaji ta bi layi. Wani ya kawo zabbi, ya ce ɗansa ya gama difloma, ko mai gadi ne a kamfanin yana so. Wata tsohuwa ta aiko da man shanu, ta ce a fara da layinsu, hayaƙin gawayi ya gama da idonta.

Mutum ɗaya ne ya nemi ɓata lamarin, Malam George, maƙwabcin Alhaji, tsohon malamin kimiyya wanda ya koyar da Hanifa a sakandare. Ya tare shi a ƙofar gida da safe.

"Alhaji, ka san fa ilimin taurari yarinyar nan ta karanta."

"Na sani mana. Ni na haife ta."

"To gas ɗin da take magana, can yake a sama, cikin taurari."

"Malam George, su taurarin da me ake yin su?"

"Da gas, amma..."

"Alhamdu lillahi. Kai ma ga shi ka faɗa da bakinka." Ya shige gida ya bar shi tsaye da buta a hannu, yana shirin ba fulawarsa ruwa.

Hanifa ta iso ana tsakiyar damina, siririya, da gilashi, da jaka ɗaya wadda rabinta littattafai ne. Ta yi mamakin yadda mutanen layi suka fito tarbarta, har da waɗanda a da ko gaisuwarta ba sa amsawa. Bayan ta huta ta ci tuwo, ta buɗe kwamfutarta a falo don ta nuna wa iyayenta abin da ya riƙe ta shekarun nan. Wani hoto ya fito, fari a kan baƙi, a murɗe kamar an juya nono a ƙwarya.

"Wannan gari ne na taurari, Baba. Mu muna ce masa galaksi. Taurarin da ke cikinsa sun fi yashin rafi yawa. Ka ga nan gefe? Akwai gas mai sanyi. Shi nake bi in ga yadda yake gangarawa tsakiya."

Alhaji ya gyara gilashinsa, ya matso. "To ina bututun?"

"Wane bututu?"

"Wanda za a jawo shi da shi."

Hanifa ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya. "Baba, hasken da ka gani a hoton nan, tun kafin a yi mutum a bayan ƙasa ya taso. Yanzu ya iso. Nisan ke nan."

"Nisa ba matsala ba ce in gwamnati ta sa hannu."

Hajiya Ishatu, uwar Hanifa, wadda ke gefe tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗaga kai ba. "Alhaji, ka mayar wa mutane zabbinsu."

"An riga an yanka wasu," ya ce.

Kada a zalunci Alhaji Isiyaku, ba wawa ba ne. Tun a zaman nan ya gane cewa gas ɗin 'yarsa ba zai dafa ko ruwan shayi ba. Amma an riga an buga katin walima, an kama rumfuna, an kuma gayyaci Onarabul Sharfaddeen, wanda ke neman kujerar majalisa, ya zama babban baƙo. A katin an rubuta cewa Dokta Hanifa za ta yi jawabi a kan makomar gas. Mutumin da ya hau bishiya da tsani, aka ɗauke tsanin, ba ya tsayawa tunanin wanda ya ce ya hau.

Washegari ya kira ta ɗakinsa, ya yi mata magana da murya mai taushi.

"Jawabin nan, ki yi shi da Turanci. Irin Turancin nan naku mai nauyi."

"Baba, ai yawancin mutanen ba za su gane ba."

"Shi ya sa."

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Na yi shekaru ina faɗa wa baƙi abin nan da harshensu. Tun ina ƙarama kaka take nuna mini taurarin Kaza da 'Ya'yanta a tsakar gidan nan. So nake ko sau ɗaya in faɗa wa mutanenmu da Hausa. Ka yi haƙuri, Baba, ba zan ce musu zan kawo gas ba, don ba zan kawo ba."

"Wa ya ce ki ce za ki kawo? Ni dai ki yawaita faɗin gas ɗin. Sauran ki bar mini."

Ranar walima filin makarantar firamare ya cika. Mata suka zauna gefe guda da yara a baya, maza gefe guda, 'yan acaɓa suka jera babura a bakin katanga. Malam Salmanu ya zo da wuri ya kama kujerar gaba, ya harɗe hannu, da fuskar wanda ya zo kallon yadda gini zai rushe. Onarabul Sharfaddeen bai iso ba sai da aka kusa fid da rai. Mutum ne mai jiki, Allah ya yi masa yalwar tumbi, babbar rigarsa kuwa ta isa a yi wa wani rumfa. Aka zaunar da shi a tsakiyar babban teburi, Alhaji Isiyaku na dama da shi yana ta washe baki. Da yake ba a son babban baƙo ya ji yunwa, tun kafin a fara jawabi aka soma kawo masa abinci. Daga wannan gefe a miƙo kaji, daga wancan a miƙo dambu, farantai na bin hannu hannu suna wuce talakawa har su isa gabansa.

Hanifa ta karɓi makirfo. Ta yi sallama, ta gode wa iyaye, ta shiga magana. Da ta shiga kuwa sai ta manta da tsoro, ta manta da mutanen, don abin da take so ke nan a duniya.

"Iyayena da 'yan'uwana, a sama akwai garuruwan taurari. Kowane gari yana da gefe, yana da tsakiya. Arzikin garin shi ne gas, don da shi ake haihuwar sababbin taurari, kuma yawancinsa a gefe yake, can inda babu haske sosai. To amma ba ya zama a gefen. Akwai wani jerin taurari da ya gitta tsakiyar garin kamar sanda, aikinsa ya rage wa gas ɗin ƙarfi, ya karkato shi, ya tura shi ciki. A hankali a hankali, abin da ke gefe sai ya tattaru a tsakiya."

Wani dattijo a layi na biyu ya gyaɗa kai. "Haka ne, wallahi," ya ce.

"A tsakiyar kuwa," in ji Hanifa, "akwai wani abu da muke kira baƙin rami. Nauyi gare shi na fitar hankali. Shi ba ya haifar da komai. Yana zaune ne kawai a tsakiya, ana kawo masa. Abin da ya faɗa cikinsa ya tafi ke nan, ko haske ba ya fitowa."

Daidai lokacin Onarabul ya ɗaga cinyar kaza zuwa bakinsa. Wani ɗan acaɓa ya dube shi, ya taɓa na kusa da shi. Kan a jima rabin filin ya daina kallon mai magana, ya koma kallon babban teburi. Hanifa ba ta lura ba, idonta na sama.

"Abin mamakin shi ne, lokacin da yake cin nan, a lokacin ya fi ƙyalli. Gas ɗin da ke kewaye da shi yakan yi zafi ya haska, har haskensa ya rufe na taurarin garin gaba ɗaya. Daga nesa shi kaɗai za ka gani, ka ce shi ne garin. In kuma ya ci ya yi yawa, sai ya yi wata irin gyatsa, ya huro iska mai zafi ta kore sauran gas ɗin. Daga nan haihuwar taurari ta tsaya. Gari ya tsufa, babu yara masu tasowa."

"Allahu akbar!" wata mata ta ce da ƙarfi. "Faɗa musu, 'yar albarka!"

Onarabul ya ajiye cinyar kazar a hankali. Alhaji Isiyaku ya ji gumi na bin bayansa har cikin wando. Ya ɗaga hannu yana yi wa 'yarsa alamar ta tsaya, ita kuwa ta ɗauka ƙarfafa mata gwiwa yake yi, ta yi masa murmushi.

Malam Salmanu ya ga lokacinsa ya yi. Ya miƙe ya gyara hula. "Dokta, mun ji karatu, Allah ya ƙara basira. Tambayata ɗaya ce, don mahaifinki ya sa mana rai. Yaushe gas ɗin zai iso Tudun Wada?"

Hanifa ta dube shi da tausayi, ta ba shi amsa tsakani da Allah. "Ba zai iso ba, Malam. Ai mu ba ma cikin lissafinsa."

Filin ya kece da ihu. 'Yan acaɓa suka hau danna ham, mata na guɗa, samari suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. "Sai Dokta! Sai Dokta!" Malam Salmanu, da ya yi niyyar tona asiri, ya tsaya yana waige waige, ya rasa me ya faru. Malam George na can baya ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza. Onarabul ya miƙe, bai yi sallama da kowa ba, yaransa suka buɗa masa hanya, motarsa ta fita tana watsa wa mutane ruwan taɓo.

A gida Alhaji ya rufe ƙofa ya sauke kwandon faɗa.

"Na aike ki karatu ko na aike ki koyo zagin manya? Mutum ya zo walimarki, ki kira shi rami a gaban jama'a?"

"Wa na kira rami? Baba, taurari nake magana!"

"Har da gyatsa! Gyatsa, Hanifa!"

Sai a nan ta gane. Ta zauna a bakin kujera, ta cire gilashinta, hawaye suka zubo. Ba tsoron Onarabul ne ya sa ta kuka ba. Ta ɗauka ihun nan duk na taurari ne. Ta ɗauka ta ga fuskokin mutanenta sun buɗe don sun hango girman abin da Allah ya halitta.

Kwana biyu Alhaji bai fita majalisa ba, ya ce gwiwa ce. Bidiyon kuwa ya shiga wayoyi, an yanke shi an bar wajen ramin da wajen gyatsar, an haɗa da hoton Onarabul da cinyar kaza. Wata makarantar kuɗi a Hanwa da ta gayyaci Hanifa ta yi wa ɗalibai magana a kan taurari ta bugo waya ta ce an ɗage, su ba sa shiga siyasa. Wasu samari suka zo ƙofar gida suna neman ta zama uwar ƙungiyarsu ta gwagwarmaya. Ta leƙo ta ce musu ita masaniyar taurari ce, suka yi dariya suka ce sun gane, ai dole ta faɗi haka.

Ana nan sai ga motar Onarabul ta tsaya a ƙofar gida da hantsi. Alhaji ya leƙa ta taga. Ya nemi Hajiya ta ce ba ya nan, ta ce ita ba ta ƙarya da girmanta. Dole ya fito, yana ɗingishin da ya fi na kullum.

Onarabul ya rungume shi har hularsa ta faɗi.

"Alhaji! Ashe haka kake da dabara? Da farko raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Sai da na je gida na sake kallon bidiyon, na ce kai, Sharfaddeen, wa ke zaune a tsakiya? Wa ake kai wa? Ni da ko kujerar ban hau ba? Ai wanda ke kan kujerar yanzu take nufi! Shekara nawa yana ci, ko yaro ɗaya bai ɗauka aiki ba. Haihuwar taurari ta tsaya! Wallahi yarinyar nan ta gama da shi."

Alhaji ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta, kuma kafin ya mayar da ita kansa ya gama shawara.

"Ranka ya daɗe, ai na yi mamaki da ka tashi. Ni da ita muka zauna muka tsara maganar."

Aka kira Hanifa ta gaishe da baƙo. Onarabul ya ce ya riga ya sa a buga fosta, KU KORI BAƘIN RAMI, kuma yana so ta zama mai ba shi shawara ta musamman a kan harkar gas.

"Ranka ya daɗe, na gode," ta ce. "Amma ni ban san komai a kan gas ɗin girki ba. Ko tukunyar gidan nan Mama ce ke haɗawa. Kuma ban yi da kowa ba. Ramin nan da gaske akwai shi, a sama yake."

Onarabul ya tuntsire da dariya, ya dubi Alhaji. "Ka ji 'yar siyasa! Ko a kotu ba za a kama ta ba."

Ta ƙi muƙamin, ta sake ƙi, har uban ya zare mata ido. Da Onarabul ya ga da gaske take, ya ce to kada kujerar ta fita daga gidan, ai icen da ya haifi reshe ya fi reshen sanin ƙasa. Nan take Alhaji Isiyaku ya zama mai ba da shawara na musamman a kan harkar gas. Takarar ƙungiyar unguwa kuwa ya janye, ya aika wa Malam Salmanu cewa ya bar masa, shi yanzu harkokinsa sun wuce na kwalbati.

Hanifa ba ta cika hutunta ba. Ta samu aiki a wata cibiyar bincike, inda ake juya manyan farantai suna sauraron sama, ta haɗa jakarta ta koma. Hajiya Ishatu ta raka ta har tasha, ta cusa mata kuka da daddawa a jaka, ta ce, "Ki yi ta kallon samanki, 'yar nan. Ƙasan ba ta da daɗin kallo."

Bayan wata biyu wayar Hanifa ta yi ƙara tana tsakiyar aiki. Baban ne, a bayansa ana jin ƙarar mota da hayaniyar mutane.

"Hanifa, ina hanyar gidan rediyo, za a yi hira da ni a kan tsadar gas. Ba ni kalma biyu manya na Turanci, irin naku, waɗanda ba a saba ji ba."

"Baba, me za su tambaye ka?"

"Me ya sa ya yi tsada, yaushe zai sauko. Irin waɗannan."

"To ka san amsar?"

"Ina zan sani?"

"Sai ka ce musu ba ka sani ba."

Alhaji ya yi dariya har da tari. Ta ji yana ce wa direba ya rage gudu, akwai rami a gaba.

"Ke dai karatun nan bai koya miki zaman duniya ba," ya ce. "Bari, zan nemi Malam George."

Ya kashe wayar.